Kalmar "Volatile" da Tambayar da Take Hana Mu Yi

Akwai wata kalmar Turanci da ta zama 'yar gida a labaran da ake rubutawa a kanmu. Kamfanin dillancin labarai na ƙasar waje zai kawo rahoton hari a Zamfara ko Filato, kafin ya kai ƙarshen jimlar farko ya riga ya liƙa wa yankin "volatile". Ministan kuɗi zai tsaya gaban majalisa yana kare giɓin kasafi, ya ce ai kasuwar ɗanyen mai ce "volatile". Mai sharhi a talabijin zai faɗi haka game da naira. A duka wuraren uku abin da ake so mu ɗauka ɗaya ne: abin nan ba shi da tabbas, yau sama gobe ƙasa, babu wanda ya isa ya ce ga abin da zai yi. Mai sauraro ya gyaɗa kai, a shiga labari na gaba.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, a sakandare na yi aikina, kuma kalmar nan tana cikin waɗanda ba a gama zangon karatu ban rubuta su a allo ba. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji ta a bakin ɗan siyasa. A ɗakin gwaji, abin da muke kira "volatile" abu ne da muka san halinsa ciki da bai, muka auna shi, muka san abin da ke tayar da shi da abin da ke kwantar da shi. Da ta fita waje sai ta koma hanyar rufe magana tun kafin wani ya tambayi wa ya jawo.

Asalinta Latin ne. "Volare" shi ne tashi sama irin na tsuntsu, "volatilis" kuma mai fiffike. Ta shiga Turanci ta ƙofar Faransanci wajen shekara ta 1300, kuma a lokacin suna ce ta tsuntsaye. Fassarar Baibul ta Turanci da ake jingina wa John Wycliffe a ƙarshen ƙarni na 14 ta yi amfani da ita a wuraren da ake maganar tsuntsayen sama. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci ba za su ji wannan a matsayin sabon labari ba, don har gobe "volaille" ita ce kalmarsu ta kaji da zabi da agwagi, kuma tushen ɗaya ne.

Waɗanda suka ɗauke ta daga tsuntsu suka kai ta kan murhu su ne masu tsohuwar sana'ar narka ma'adinai, wadda Larabawa suka kira al-kimiya. Sun lura cewa idan aka ɗora abubuwa a wuta, wasu sai su tashi su bi iska, wasu kuma su zauna a tukunya ko me za a yi musu. Abubakar ar-Razi, shahararren likitan Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya ware abubuwa huɗu ya sa su a ajin da ya kira "arwah", wato ruhohi, saboda haka suke tashi idan sun ji wuta: zaiba, da kibiritu, da nushadir, da zarnik. Lokacin da Turawa suka fassara littattafan nan zuwa Latin, sai suka riƙa raba abubuwa gida biyu, masu tashi da masu zama. Larabcin yau ma bai bar hoton tsuntsun ba, domin "mutaɗayir" ake ce wa irin wannan sinadari, daga tushen da ya ba da "ɗair". Wajen shekara ta 1600 Turanci ya karɓi wannan ma'ana ta abin da ke saurin zama tururi. Kafin tsakiyar ƙarni na 17 ya wuce, an fara jifan mutane da ita, ana nufin wanda ba ya tsayawa a kan ra'ayi ɗaya. Daga baya ta shiga kasuwa, ta shiga siyasa, har ta isa ga masu kwamfuta, waɗanda ke kiran ma'adanar da ke mance komai da zarar an ɗauke wuta da wannan suna.

Turanci ba shi da talaucin kalmomi a wannan fage. Yana da "capricious", wadda ta zo daga Italiyanci, ta mutumin da ke sauya shawara don son ransa. Yana da "erratic", daga kalmar Latin ta yawo da ɓacewar hanya. Yana da "fickle", wadda a tsohon Turanci take nufin mayaudari. Duk waɗannan idan ka furta su sai idon mai sauraro ya tafi neman mutum, wanda ya sauya shawarar ko ya ɓata hanyar. "Volatile" kuwa siffar abu ce, abin da ba shi da niyya ba shi da sa hannu. Ina ganin wannan ne sirrin farin jininta a wurin masu mulki. Da minista zai ce manufar canjin kuɗi ta zama "erratic", da washegari jaridu sun tambaye shi wanda ke riƙe da sitiyari. Idan ya ce kasuwa ce "volatile", ya tsira, domin ba a kai kasuwa ƙara.

Ga yadda nake koyar da kalmar. Nakan kira ɗalibi ɗaya gaban aji, in ɗiga masa ruwa a bayan hannun dama, in ɗiga masa sifirit a bayan na hagu, in ce ya miƙa hannuwan a kallo. Kafin in gama goge allo na hagun ya bushe, yaron yana cewa wurin ya yi sanyi, ɗigon ruwan kuwa yana nan yana ƙyalli. Sai in rubuta musu lambobi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, barasar da ke cikin sifirit a 78, asitón da mata ke goge jan farce da shi a 56, ita kuwa "ether" da likitocin zamanin da suka riƙa sumar da marasa lafiya da ita tana tafasa a kusan 35. Ma'ana, a Kano cikin watan Afrilu, idan ka ajiye ta a buɗe a tsakar gida, za ta tafasa ba tare da ka hura wuta ba. Tun ƙarni na 19 akwai lissafin da Clapeyron da Clausius suka bari, wanda idan ka ba shi zafin wuri zai gaya maka ƙarfin tururin da ruwan zai fitar. Babu duba a ciki, babu sa'a.

Kusan kowace shekara sai an sami mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai shi ne abin da ke fashewa ko?" Wannan kuskure ya bazu har cikin manya masu digiri. Nakan tambaye shi ko ya taɓa buɗe akwatin kayan mahaifiyarsa ya ga ƙwayar kafur da aka jefa a ciki bara. Ta ƙanƙance, wani lokacin ma babu ita sai ƙamshi. Ta tashi ne a hankali, ba ta fashe ba, ba ta ƙona zani ko ɗaya ba. Saurin zama tururi abu ne daban, kama wuta abu ne daban. Fetur ya haɗa biyun, shi ya sa yake da haɗari, amma ko shi sai an cika masa sharuɗɗa: sai tururinsa ya gauraya da iska a wani ƙayyadadden kaso, kimanin ɗaya da rabi zuwa bakwai da rabi cikin ɗari, sannan a sami tartsatsi.

Ɗan bumburutun da ke bakin titin unguwarmu bai taɓa jin sunan Clausius ba, amma aikinsa a kan wannan ilimin yake tafiya. Galan-galan ɗinsa a ƙarƙashin 'yar rumfar buhu suke, yana matsar da su yadda inuwa ke matsawa. Kafin ya murɗa marfi sai ya shimfiɗa guntuwar leda a bakin jarka don kada iska ta sami hanya. Da azahar idan jarkar ta kumbura ta yi ciki, sai ya sassauta marfin kaɗan, ta yi huci, ya mayar ya ɗaure. Mai shayin da ke kusa da shi ya san iyakar inda zai kafa murhunsa, kuma idan wani ya nufo da taba a baki, tun daga nesa yaron zai ɗaga murya: "Yallaɓai, don Allah a kashe ta tukuna." Ya san kayansa masu tashi ne, kuma sanin hakan ne ya sa yake yin duk waɗannan abubuwa. Bai taɓa naɗe hannu ya ce halin fetur ne, abin da zai faru ya faru ba.

Rashin wannan sani kuwa rayuka yake ci. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, mutane suka taru ɗiban man da ke kwarara, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka aka sake irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Talauci ne ya kai mutane wurin, ban musa ba. Amma da yawa cikin masu tsayawa a gefe suna ganin sun tsira tun da man bai taɓa ƙafarsu ba, alhali tururin ne ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a lambatu da kwazazzabo, ya yi nisa da inda man yake. Wannan bayani ne na minti biyu da ya kamata kowace tashar rediyo ta maimaita har yara su haddace.

'Yan kasuwar hannun jari da suka ari kalmar, in za a yi musu adalci, sun are ta ne tare da ma'auninta. Tun 1900 wani Bafaranshe mai suna Louis Bachelier ya rubuta kundin digirinsa a kan lissafin hawa da saukar farashi a kasuwar Paris. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes, tare da Robert Merton, suka fitar da hanyar sa wa yarjejeniyar saye ko sayarwa a nan gaba farashi, kuma babban abin da lissafin ke buƙata shi ne girman tangal-tangal ɗin da ake sa ran kadarar za ta yi. A 1993 wata kasuwa a birnin Shikago ta ƙaddamar da ma'aunin VIX, wanda 'yan jarida ke kira ma'aunin tsoro. A kwanakin lafiya yakan zauna ƙasa da 20. Ya haura 80 a watan Nuwamban 2008 lokacin durƙushewar bankunan Amurka, ya sake haurawa a watan Maris na 2020 da korona ta rufe duniya. Benoit Mandelbrot ya bi farashin auduga na shekaru masu yawa ya nuna a 1963 cewa manyan girgiza a jere suke zuwa, ɗaya na bin ɗaya, kwanciyar hankali ma haka. Robert Engle ya mayar da wannan lura lissafi a 1982, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2003.

Ba na cewa lissafi yana gaya wa mutum farashin gobe. Scholes da Merton sun karɓi Nobel a 1997, shekara ɗaya bayan haka kamfanin zuba jarin da suke ciki ya durƙushe har sai da babban bankin Amurka ya tara manyan bankuna suka tallafe shi. Gaibu na Allah ne, kuma tun 1921 masanin tattalin arziki Frank Knight ya bambanta haɗarin da ake iya aunawa da rashin tabbas da ba ya aunuwa. Amma wanda bai san ranar da farashi zai faɗi ba yana iya sanin cewa zai faɗi, da kimanin zurfin da yakan kai, ya yi tanadi daidai da haka. A nan ne maganar ta dawo gida.

Ɗanyen mai ya kai dala 147 kowace ganga a watan Yulin 2008, kafin shekarar ta ƙare ya sauka ƙasa da 40. A tsakiyar 2014 yana sama da 110, a watan Janairun 2016 ya koma ƙasa da 30, kuma a shekarar ce tattalin arzikin Najeriya ya shiga karaya, jihohi da dama suka kasa biyan albashi. A ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin wani nau'in man Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri. Duk wanda ya kai shekara hamsin a ƙasar nan ya ga wannan hawa da sauka ya maimaita kansa tun daga faɗuwar shekarun 1980 da ta haifar mana da tsuke bakin aljihu. Abin da ya yi ta maimaituwa haka ba a kiransa ba-zata.

Wasu ƙasashe masu mai sun ɗauki kalmar yadda ɗan bumburutu ya ɗauke ta. Meziko ta daɗe tana biyan kuɗi duk shekara ga manyan bankuna don su lamunce mata wani mafi ƙarancin farashi na man da za ta sayar. Yawancin shekaru kuɗin ya tafi ke nan, kamar kowace inshora, amma a 2009 tsarin ya dawo mata da kimanin dala biliyan biyar, a 2015 kuma sama da biliyan shida. Norway ta kafa dokar asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, ta zuba kuɗin farko a 1996, kuma a 2017 asusun ya haura dala tiriliyan ɗaya. Mu ma mun san dabarar. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta buɗe asusun rarar kuɗin mai, wanda ya kai kimanin dala biliyan 20 a wajen 2008, kuma shi ya rage mana raɗaɗin faɗuwar wannan shekarar. Daga nan aka yi ta yagarsa ana rabawa, har a shekarun da ganga ke sama da dala ɗari, lokacin da ya kamata a ce ana ƙara cika shi. A 2022 abin da ya rage bai kai dala miliyan ɗaya ba. Mutanen da suka taso da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari, waɗanda kakanninsu ba su taɓa cinye hatsin kaka ba tare da sun cika rumbu ba, bai kamata a zo ana yi musu bayanin giɓin kasafi da kalma ɗaya ta Turanci su yarda ba. Kasuwar mai tana tangal-tangal, gaskiya ne. Tambayar ita ce wa ya sa hannu aka fitar da ajiyar, a wace rana, aka yi me da ita.

Ita ma naira haka. Ka je Wapa ka zauna da 'yan canji, ba za ka ji suna cewa dala ta tashi haka kawai ba. Za su gaya maka takardar da Babban Banki ya fitar, da ranar da ya fitar da ita, da lokacin da masu biyan kuɗin makaranta a waje ko maniyyata ke rububin saye. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A ranar 14 ga Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, daga wajen 460 a kan dala ta kama hanya har ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024. Mutum yana iya goyon bayan matakan nan ko ya soke su, akwai masu hujja a ɓangarorin biyu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a kira sakamakonsu halin kasuwa, kamar dai ba ofis aka zauna aka yanke su ba.

Ko tumatir bai tsira ba. Duk matar gida ta san kwando yana araha a lokacin sanyi da kayan rani na Kadawa da Kura suka fito, yana tsada da faɗuwar damina. Wannan kalanda ce. A 2016 da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, an yi ta rubutu kamar annoba ce da ta faɗo daga sama. Alhali ƙwaron daga Kudancin Amurka ya fito, ya sauka Sifen a 2006, ya bi ƙasashen Arewacin Afirka yana gangarowa shekara bayan shekara, masana aikin gona suna rubuta tafiyarsa. Kusan shekara goma muka samu na shiri.

Inda kalmar ta fi yi mini zafi shi ne idan aka ɗora ta a kan mutane. Idan aka ce yanki "volatile" ne, abin da mai karatu a Landan ko Legas ke ji shi ne mutanen wurin haka Allah ya yi su, kaɗan suke jira su kama da wuta. Mu kuma mun san hali zanen dutse ne. Da zarar an yarda cewa rikici halinmu ne, an yarda ke nan ba shi da magani, sai dai a turo sojoji a jira ya lafa. Mai son kafa masana'anta ya karanta ya canza gari. Ma'aikacin lafiya da aka tura wurin ya nemi sauyin wurin aiki. Mafi muni, yaran wurin su taso suna jin haka ake kiran garinsu har su yarda.

Ɗauki Jos, wadda ta fi kowane gari shan wannan kalma. Shekaru da dama an san ta a matsayin garin da kowa ke sha'awar zama, ma'aikatan kuza daga kowace kusurwa suna zaune tare. Me ya canza? An ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambayar waye ɗan ƙasa waye baƙo ta zama tambayar wa zai riƙe kujera, wa zai sami takardar shaidar asali, ɗan wa zai sami gurbin karatu da aikin gwamnati. Rikicin Afrilun 1994 a kan naɗin shugaban riƙon ƙaramar hukumar ya tashi. Na Satumban 2001, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta ya ci rayuka kimanin dubu cikin kwana shida, ya biyo bayan makonni na taƙaddama a kan wani naɗin muƙami, ana raba takardun barazana a fili, kuma ƙungiyar ta rubuta cewa an gargaɗi hukumomi ba su yi abin da ya kamata ba. Na Nuwamban 2008 washegarin zaɓen ƙananan hukumomi ya ɓarke. Musulmi sun mutu, Kirista sun mutu, kowane ɓangare yana da kaburbura da zai nuna. Bayan kowanne an kafa kwamitin bincike: na Mai Shari'a Fiberesima a kan 1994, na Mai Shari'a Niki Tobi a kan 2001, na Bola Ajibola a kan 2008. Sun saurari shaidu, sun rubuta dalilai, sun ba da shawarwari. Rahotannin farko sun shafe shekaru a kulle, kuma waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da waɗanda aka binne. Abin da ke da ranar farawa, da gargaɗin da aka yi watsi da shi, da rahoton da aka ƙi aiki da shi, tarihi ne na shawarwarin da wasu mutane masu sunaye suka yanke ko suka ƙi yankewa.

Haka rikicin bayan zaɓen 2011, wanda ya ci fiye da mutum 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, aka kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu a kansa. Haka faɗan manoma da makiyaya, wanda kowane dagaci zai iya gaya maka watannin da yake ƙamari: lokacin da shanu ke gangarowa amfanin gona bai gama barin gona ba, a wuraren da aka nome burtali aka toshe mashaya. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo domin ta hango wannan. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san abin da abokaina 'yan jarida za su ce, don mun sha yin wannan musu. Wakili yana da layi biyar da minti goma, mai karatu a wata nahiya bai san inda Filato take ba, dole a ba shi kalma ɗaya da za ta nuna masa wurin yana da tarihin tashin hankali. Akwai gaskiya a ciki. Kuma akwai lokutan da ƙaramin abu, gardamar mai babur da fasinja ko jita-jita a waya, ke zama gobara cikin sa'a guda, ba wanda ya hango ranar. Amma layi biyar ɗin ya isa a ce "inda ake taƙaddama a kan filaye da muƙamai tun shekarun 1990", kuma wannan ya fi gaya wa baƙon mai karatu wani abu. Tartsatsin kuwa, ko a ɗakin gwaji ba shi muke sa wa ido ba, don ba a rasa shi. Abin da muke hanawa shi ne tururi ya taru.

A Hausa an fi mayar da kalmar "yanki mai fama da rikici" ko "inda ake zaman ɗar-ɗar", farashi kuma "mai hawa da sauka". Waɗannan sun fi na Turancin adalci, don mai fama da abu ana tausaya masa ne, ana sa ran zai warke. Duk da haka su ma suna iya zama wurin fakewa idan aka tsaya a kansu. Roƙona ga editocinmu shi ne duk lokacin da wannan kalma ta zo a rahoton da za a fassara ko a jawabin wani jami'i, a bi ta da tambaya: me ya tayar, tun yaushe, wa aka gargaɗa, wane tanadi aka yi. Idan jami'i ya ce kasuwar mai ce, a tambaye shi nawa ke cikin asusun ajiya yau, nawa ke ciki bara.

Akwai kuma aiki guda da jaridunmu na Hausa za su iya farawa ba tare da jiran kowa ba. A nemo rahotannin Fiberesima da Niki Tobi da Ajibola da Lemu, a fassara shawarwarinsu zuwa Hausa, a riƙa buga su kashi-kashi kowane mako, a gefen kowace shawara a rubuta ofishin da aka ɗora wa alhakinta da abin da ya yi a kai zuwa yau. Yawancin waɗanda suka rasa 'yan'uwa a rikice-rikicen nan ba su taɓa ganin ko shafi ɗaya na abin da aka rubuta a kan mamatansu ba, kuma da kuɗinsu aka biya kwamitocin.